Minti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe tara Graciete take murɗa makulli,
ni kuwa in bi soket-soket ina tashin masu barci.
Zanen da ke bango ba ya jiran kowa,
dutsen da aka sassaƙa a tsaye ya kwana, a tsaye ya wayi gari.
Nawa kayan sai an ba su wuta,
sai an jira sun yi tari, sun gyara murya,
kamar tsoho da asuba.

Nan Matosinhos ne, bakin teku.
A ginin nan dā ake cusa kifi a gwangwani,
har yau in ruwan sama ya jiƙa bango
ƙarni kan fito ya gaida baƙi.

A ɗaki na uku, inda muka toshe tagogi,
akwai akwatin talabijin mai ƙusumbi, ya girmi 'yata.
Hannuwa biyu ne a ciki, ba fuska,
suna farke kifi suna jefawa a kwando.
Minti goma sha ɗaya, sai wuƙa ta zame,
yatsa ya yi jini, a kai shi baki,
allo ya yi duhu, a koma farko.
Hannuwan mahaifiyar Telmo Varzim ne,
ya ɗauke su shekarar da aka rufe masana'anta.
Ya rasu ya bar mana kaset da rabin takarda:
"A wannan akwatin za a nuna. Kada a ƙara haske."

Mamaci ya yi wasiyya ya huta,
ɗawainiya ta mai rai ce.

Kaset na cin kansa duk sanda aka kunna,
mun kwashe shi a kwamfuta, kwafi uku, gari uku.
To akwatin fa?
Inda aka ƙera shi yanzu motoci ke kwana.
Baltasar, mai gyaran da ya rage mana,
ya haura saba'in, hannunsa na rawa
sai in ya riƙe sukundireba yake natsuwa.
Jiya ya buɗe bayan akwatin, ya shinshina, ya ce,
"Kwalbar ta gaji, Ondina. Ja ya soma komawa ruwan ƙasa.
In kin yi sa'a, shekara biyu."

A ofis sabon allo na jingine cikin kwali,
siriri kamar faranti.
Na gwada shi da dare, ni kaɗai.
Na ga kowane ɓawon kifi, kowane tsagi a farce,
na ga abin da Telmo bai taɓa gani ba,
hannuwan kuwa suka zama na kowa.

Masu kallo na taɓa auna su da agogo:
sakan arba'in, sun leƙa sun wuce.
Ba su kai ga jinin ba.
Na sa benci, na ɗauke benci,
na rubuta tsawon lokacin a ƙofa, na goge.
Yaya ake rataye minti goma sha ɗaya
a gaban mai sauri?

Graciete ce kaɗai ke gani har ƙarshe,
sau arba'in da wani abu a yini.
Tana 'yar sha shida ta tsaya a layin kifin nan.
In minti na goma ya yi takan juya baya,
ta damƙe yatsanta cikin aljihu.
Na tambaye ta, tsoho ko sabo?
Ta ce, "Sabon nan sanyi gare shi.
Wannan in na dafa shi da yamma ɗumi nake ji,
irin na wanda ya yini yana aiki."

A takardar bayanin kaya akwai gurbin tsawo,
gurbin nauyi, gurbin ƙarfin wuta.
Na nemi gefe, na rubuta da fensir: ɗumi.

Ƙarfe shida na danna.
Hoton ya tattare ya zama ɗigo fari a tsakiyar allo.
Ba ya tafiya da wuri.
Mukan tsaya mu biyu, makulli a hannunta,
sai ya tafi.